Kwamfutar Sahabi da Hannuna na Dama

Bari in fara da wautata tun kafin wani ya riga ni, don a Bagudo ba a rasa mai riga ka faɗin abin kunyarka. Ni Garba Mai Rediyo na taɓa rufe ƙofar shago tun rana ba ta faɗi ba ina koyon riƙe sukudireba da hannun hagu, zufa na ɗiga a haɓata, saboda na gama tabbata na dama ya kusa barina. Ba ciwo ya kama shi ba. Kwamfutar mutane ce ta ƙi tashi.

Ku yaran yanzu da ke leƙo shagona kuna cewa gyaran kwamfuta ai cire wannan ne a sa wancan, ku zauna ku ji. Ni aji uku na yi a firamare, malamin ya gaya wa babana kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya. Gyaran rediyo na koya a Kamba wurin wani Bazabarme, shekara bakwai ina hura masa gawayin ƙarfen dalma kafin ya yarda in taɓa waya. Da tsofaffin kwamfutocin Turai sunka fara shigowa daga Kwatano, ɗaure a bayan babura ta hanyar Tsamiya, sai na ga rediyo zai bar ni da yunwa. Na ƙetara iyaka zuwa Kandi na zauna wata huɗu wurin wani Bayarabe na can, Rafi'u. Kwamfutocinsa duk Faransanci suke yi. Ni ko Turancin Ingila bai zauna mini ba balle na Faransa, don haka Rafi'u ya haƙura da idona ya koma kan kunnena. Ya ce kwamfuta in an kunna ta, kafin ta rubuta komai sai ta yi kuka. Kuka ɗaya gajere, lafiya ke nan. Kuka mai tsawo da ba ya ƙarewa, memori ce, wato ƙananan sandunan nan da take tunani da su. Dogo ɗaya gajeru biyu, katin hoto ne, shi ne abin da ke kai hoto ga allo. Da wannan karatun na dawo gida na buɗe shago a zauren gidana, kuma da shi nake ci har yau.

Kayan aikina ba su da yawa. Sukudireba biyu, mita ɗaya da allurarta ke makalewa sai an ɗan buga ta, buroshin haƙori, famfon keke na hura ƙura, robar goge fensir, sai ƙaramin janareto mai tari. Akwai kuma gwangwanin madara, wanda ya kamata in yi bayaninsa. A zamanin rediyo, in anka kawo mini rediyo mai lasifika mai kyau, mai shi kuma tsoho ne da kunnensa ya yi nauyi, to wani lokaci lasifikar takan kwana cikin gwangwanin, wata 'yar uwarta ta raka rediyon gida. Ina ce wa kaina ai tsohon ba zai ji bambanci ba. Na daina wannan tun kafin Shari'a ta zo. To, in faɗi gaskiya, daf da zuwanta.

Wanda bai ga shekarun farko na Shari'ar ba, ba zai gane irin tsoron ba. Ni kuma sana'ata ta ƙara mini, don duk rediyon da na gyara, da ya buɗe baki sai labarin wanda anka kama da sata a wani gari da abin da alƙali ya yanke. Mutum ya yi mantuwar buhu a kasuwa, sai ya dawo washegari ya same shi yadda ya bar shi, kowa na kewaye shi kamar maciji.

Aikin da nake son ba ku labari a cikin shekarun nan ya zo mini, ran wata Talata da hantsi, shekarar da ruwa ya cinye shinkafar bakin gulbi, kowa zuciyarsa a kusa. Mai shi Sahabi, mutumin Kaoje, ɗan masunta ne da ya ƙi taru ya kama kyamara. Yana ɗaukar biki da suna da wa'azi yana zubawa a faifai. Ya sauke kwamfutar daga babur naɗe cikin bargo, ya ciro wani kati daga aljihun ciki, a cikin leda, ya ce can ƙetare ya sayo shi da kansa, don hoto na yi masa tsalle in yana aiki.

Ya ce, "Baba Garba, kunna ta tukuna ka gani."

Na ce, "Kai Sahabi, ni za ka koya wa aiki?"

"A'a Baba. Kunna ta dai, ka gani da idonka lahiya lau taz zo."

Na ja janareto, na kunna. Ta yi kuka ɗaya gajere, allo ya kawo. Na ce masa ya tafi kasuwa ya sha fura, kafin ya suɗe ludayi an gama. Na faɗa da ƙarfi don mai shayin da ke gefena ya ji.

Na kwance murfi, na hure ƙura, na cire tsohon katin, na zura sabon a raminsa. Ya ɗan yi tauri wajen shiga, na danna shi da babban yatsa har ya zauna. Na ɗaure, na mayar da wayar allo a bakin sabon katin, don kuskuren farko da ku yara ke yi ke nan, ku sa sabo ku bar waya tana lilo. Na danna. Fanka ta juya, 'yar fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Sai kuka: dogo ɗaya, gajeru biyu.

Ban damu ba. Na ce bai zauna daidai ba ne. Na cire, na goge haƙoransa, wato layin nan mai ruwan zinariya da ke shiga cikin rami, da robar fensir kamar yadda Rafi'u ya koya mini. Na mayar. Dogo ɗaya, gajeru biyu. Na duba ko irin katin nan ne mai neman tasa wayar wuta daban, ba shi da bakin. Na ce to akwatin wutar ne bai da ƙarfin ɗaukarsa, don sabon kati kamar baƙo mai ci ne, tukunyar da ke isar gida ba lallai ta ishe shi ba. Na ɗauko wani akwatin wuta mafi ƙarfi na haɗa. Kukan bai canza ba. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na ƙirga ɗari, na mayar, don ta manta duk abin da ta sani ta fara sabo. Ba ta manta ba.

Nan na ce to katin Sahabi mataccen kati ne, an cuce shi a ƙetare, ba laifina ba. Na so in gwada shi a tawa kwamfutar, amma tawa tsohuwa ce, ba ta da irin ramin. Sai na ciro shi na mayar da tsohon katinsa, wanda na gani da idona yana aiki da hantsi. Na danna ina fito.

Dogo ɗaya, gajeru biyu.

Fiton ya tsaya a bakina. Duk mai gyara ya san wannan wurin. Muddin kana iya mayar da kaya yadda sunka zo, kai mai gyara ne. Daga lokacin da ka kasa, sunanka ya koma wanda ya ɓata.

Ga wautar da ta fi duka. Na ce bari in gwada memori, ko da yake kukan ba nata ba ne, don mai nutsewa ba ya zaɓen abin kamawa. Yadda ake gwadawa kuwa kun sani, musanya ake yi. Na cire tasa na sa a kwamfutata, na ɗauko tawa na sa a tasa. Tawa ta tashi da memorinsa lafiya lau, tasa ta ci gaba da kukanta. Ina tsaye ina kallonsu anka kira azahar. Na ja ƙofa na tafi masallaci, na bar kowace da kayan 'yar uwarta a ciki.

Da na dawo na tarar da Sahabi a zaure, ya tura ƙofar ya shiga. Bai amsa sallamata ba. Ya danna kwamfutarsa ya ji kukan. Ya sunkuya ya zare memorin da ke ciki, ya kai ta bakin ƙofa, ya karkata ta ga haske, ya juya ta, ya sake juyawa.

Ya ce, "Wagga ba tawa ba ce."

Na fara bayani. Bai saurara ba. Ya je kan tawa kwamfutar da ke buɗe, ya zare ta ciki, ya kai ta haske. Ya ce, "Ga tawa nan. Cikin taka." Sai ya fita waje ya ɗaga murya. "Jama'a ku zo ku gani! Ku zo ku shaida!"

Sandunan nan biyu iri ɗaya ne, kore da kore, ni kaina sai na yi tunani nake rabe su. Yadda ya gane, ban sani ba. Kafin in haɗiye yawu zauren ya cika, har da mai shayin da na yi wa burga da hantsi. Wani ya kira mai unguwa, dattijo ne da ba ya son hayaniya. Ya zauna a bencina ya ce kowa ya faɗi nasa. Na ce gwaji ne, haka ake yi. Wani daga baya ya ce, "Gwaji cikin taka?" Anka yi dariya, irin wadda ba ta da daɗi.

Mai unguwa ya ce, "Sahabi, da mi kag gane taka?"

"Ranka shi daɗe, na yi wa kayana shaida, kowane guda. Ba ni faɗinta sai gaban alƙali. Lahiya lau nik kawo ta, shi da kanai ya gani. In ba a ɗauke wani abu ciki ba, mi zai hana ta tashi?"

Mai unguwa ya juyo gare ni. Ya ce, "Garba, ka ji. Ni ban san kan abin ga ba. Amma in babu abin da ya ɓace, ta tashi. Na ba ka zuwa la'asar ta gobe. Ta tashi gabanmu, magana ta mutu. Ba ta tashi ba, ni ba ni da ikon hana shi zuwa wurin alƙali."

Suna watsewa na lura mutane ba fuskata suke kallo ba. Hannuna suke kallo.

Da yammacin nan babu abin da ban yi ba. Na kwance kwamfutar gaba ɗaya na shimfiɗa kayan cikinta a kan kwali, na haɗa su a waje ko wani ƙarfe ne ke taɓa wani. Na bi kowace waya da mita. Na shinshina ko'ina ina neman ƙauri, ban ji ba, don hancina ya cika da hayaƙin janareto. Na sa sabon kati, na sa tsoho, na sa sabo. Kukan nan har ya koma mini kamar magana. Can na tsaya ina kallon hannuna na dama da ke riƙe da sukudireba. Tabon dalma a babban yatsa, farcen da murfin rediyo ya taɓa fasawa. Na ja ƙofa na sa sakata, na mayar da sukudireban hagu, na gwada kwance noti ɗaya. Sau huɗu yana zamewa. Na gwada riƙe ƙarfen dalma, na ga babu mai riƙe mini wayar. A wannan sana'a hannu ɗaya daidai yake da babu.

Na yi tunanin zuwa wurin liman in tambaye shi hukuncin, sai na ga wanda bai yi sata ba me zai kai shi tambayar hukuncin ɓarawo. Na yi tunanin iyaka, ga ta nan kusa, babur ɗaya ne in kwana a Segbana. Amma wanda ya gudu ya amsa laifi, kuma gidan da matar da 'ya'yan ba su shiga bayan babur. Tuwon da anka kawo mini ya koma yadda ya zo. Mahaucin da ke tsallaken hanya yana sara ƙashi a kan kututture, abin da nake ji kullum shekara da shekaru, ranar sai da na toshe kunne.

Da safe matata Kulu ta shigo ta ƙofar cikin gida da koko. Kulu kitso take yi da ƙunshi, amaren garin nan da yawa ta hannunta sunka bi. Ba ta taɓa shiga harkar shagona ba. Ta ajiye kwanon ta tsaya.

Ta ce, "Malam, tun jiya ba ka ci komi ba. Wanga ɗan abu ne zai kashe ka?"

Ta ɗauki sabon katin daga kan kwali. Na ce ta ajiye, kayan mutane ne, masifar da nake ciki ta ishe ni. Ba ta ajiye ba. Ta kai shi bakin ƙofa inda rana ke shigowa, ta karkata shi daidai yadda Sahabi ya yi jiya. Ta shafa haƙoran da yatsa. Ta kai hanci.

"Wa ya shafa mai jan farce?"

Na ce, "Wane jan farce? Ina ja a nan?"

"Ba ja ba, farin nan mai kamar ruwa. Wanda 'yan mata ke sayowa ƙetare su shafa don kada a gane. Ga shi nan yana ƙyalli, kai ba ka gani? Ni da nike kankare shi ga amare kullum. Shi ne malamai ke faɗa a kai, don in yana ga farce alwala ba ta yi, ruwa ba ya taɓa farcen."

Na ce ta sake faɗi. Ta ce ruwa ba ya taɓa farcen.

Na karɓi katin na fita tsakar rana da shi. Ga shi nan kuwa, siririn layi a kan haƙora biyar ko shida, mai sheƙi kaɗan fiye da sauran, gefensa ya kankare inda na danna shi cikin rami. Robar fensir ta bi ta kansa ta ƙara masa ƙyalli ne kawai. Na ɗauko memorin Sahabi, ga ɗigo a bayanta. Akwatin wutarsa, ga ɗigo. Tsohon katin, ga ɗigo a baya inda ba ya cutar kowa. Waɗannan duk a ɗaure suke lokacin da ya yi musu shaida, sai ya ɗiga inda hannunsa ya kai. Sabon katin kuwa a hannunsa yake, ya juya shi ya nemi wurin da ya fi daraja, ya ga zinariya. Na haska tocila cikin ramin, ga ɓarɓashin abin ya maƙale a kan ƙananan ƙarafan ciki. Shi ya sa tsohon katin ma ya kasa.

Kulu ta kawo 'yar kwalbar ruwan da take goge wa amare farce da shi, da auduga. Na ce ta bari in yi. Ta ce wannan aikinta ne, ba nawa ba. Na bar mata. Ita ta goge haƙoran katin, ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe da shi kamar yatsan amarya. Ramin kuwa ban yarda ruwan nan ya shiga ba, don yana cin roba. Na ninke farar takarda na jiƙa ta da sifirit, na riƙa zurawa ina jawowa, ina bi da buroshi, ina hurawa da famfon keke, har takarda ta fara fitowa fes. Na bar su a inuwa sunka bushe. Na haɗa komai, na sa katin. Wannan karon ya shige ba gardama.

Na kasa dannawa. Kulu ta ce, "In danna?" Na ce a'a. Na yi bisimilla na danna da na dama.

Kuka ɗaya, gajere.

Da la'asar zauren ya fi na jiya cika, don wasu tun daga kasuwa sunka biyo labari. Na kunna gaban mai unguwa, allo ya kawo, Sahabi ya buɗe aikinsa hoto na tafiya sumul ba tsalle. Ya bi kayansa ɗaya ɗaya da haske, kowane da ɗigonsa. Da ya zo kan sabon katin ya ce shaidarsa ba ta nan. Na miƙa wa mai unguwa audugar da takardar, na ce ga shaidar tasa nan, ita ce ta hana kwamfutar tashi, kuma a tambaye shi kwalbar wa ya ɗauka a ɗakin matarsa. Zauren ya fashe da dariya, mai shayi har da riƙe ciki. Liman yana wurin, shi ne ya gaya mini daga baya cewa kayan da mai su ya kawo maka da kansa ya ba ka amana, hukuncinsu daban ne da na wanda ya haura katanga. Na ce Allah gafarta Malam, da jiya ka faɗa mini da na ci tuwo.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini kwamfuta, kafin in kwance noti ɗaya sai na tambaye shi ko ya yi wa kayansa shaida, da me, kuma a ina. Na ga masu alli, na ga masu fentin jirgi, na ga wanda ya karce da allura. In zan yi musanyar gwaji, mai kaya na tsaye ko maƙwabci na kallo, kuma ko kiran salla anka yi sai kowane abu ya koma gidansa kafin in fita. Sabon kati kuma sai na kai shi rana na karkata shi. Wannan ba Rafi'u ya koya mini ba.

Da mutane sunka watse ranar, Sahabi ya naɗe kwamfutarsa cikin bargo, na taya shi ɗaurawa a babur. Baki ya dawo mini, kun san hali. Na ce, "To Sahabi, kai ma da neman fitina. Duk garin ga wa ya ce maka Garba na taɓa kayan mutane, har da za ka bi su da jan farce?"

Ya gama ɗaure igiyarsa bai yi sauri ba. Ya hau, ya sa ƙafa a kan kik, sannan ya juyo. Ba fushi a fuskarsa.

Ya ce, "Baba Garba, kana tuna wani baƙin rediyo da wani tsoho masunci ya kawo maka daga Kaoje, mai igiyar taru a maimakon hannu? Ni nir rako shi, ina yaro. Shi kunnenai ya yi nauyi, bai ji komi ba har ya rasu. Ni nawa lahiya lau suke."